Yadda Surukata Ta Ɓace a Lisbon da Fasfonmu a Ƙugunta

Jama'a, ku taya ni murna, ku kuma yi mini jaje. Na je Turai, na dawo da ƙafafuna, amma a tsakani na ɓatar da surukata. Ba a kasuwar kifi ta ɓace ba, ba a tashar shapa, wato ƙananan bas ɗin hayarmu, ba. A tsakiyar Lisbon ne, da rana tsaka, da fasfonmu duka a ɗaure a ƙugunta.

Bari in faro daga tushe. 'Yarmu Kiteriya, wadda ke aure a Brazil, ta haihu, ta aiko mana da tikiti mu je baftismar jaririn: ni, da uwargida Felizmina, da mahaifiyarta Vovo Rabeka (Vovo a wurinmu kaka ke nan), wadda ta rantse ba za ta bar duniya ba sai ta goya tattaɓa-kunnenta. Jirginmu zai sauka Lisbon da sassafe, wanda zai ƙarasa da mu kuma sai bayan la'asar. Baftismar washegari ce. In muka rasa wannan jirgi, sai dai mu ga biki a hoto.

Ana gobe tafiya, maƙwabcina Zefaniyas mai facin taya ya leƙo ta kan katanga.

"Baltazar, ashe kai ma za ka tafi nazari?"

"Wane nazari? Ganin jika za ni."

"Kai dai faɗi gaskiya. Duk wanda ya bar garin nan zuwa Turai, nazari ya tafi. Mai Girma na kwata ya je nazarin kwata. Mai Girma na shara ya je nazarin shara har ya haddace sunayen otal-otal. Kai ma ka buɗe ido ka kawo mana rahoto. Bambancinku ɗaya ne: kai ba mu muka biya maka ba."

Da muka sauka, Felizmina ta hango wasu kujeru a lungu ta nufe su.

"Baban Kiteriya, mu zauna nan har lokaci ya yi. Garin mutane ne, kuma na san halinka."

Vovo ta doka lemarta a ƙasa. "Na sha layin biza, an tambaye ni sunan kakana, an dangwala yatsuna kamar na saci akuya, duk don in zo in kalli kujera? Akwai kujera a gida. Ku tashi."

Ta miƙa hannu ta karɓe fasfo, wai ba za ta bar su a hannun mutumin da ya taɓa sauka daga shapa ya bar kazar Kirsimeti a ciki ba. Ta ƙulle su a gefen zani. Zanin kuwa na kamfen ne, irin wanda aka raba mana a zaɓen da ya wuce, ɗauke da fuskar wani Mai Girma yana murmushi har kunne. Tun a gida Felizmina ta roƙe ta ta sauya, ta ƙi. Ta ce cikin duk abin da mutumin ya ce zai ba ta, wannan ne kaɗai ya iso, kuma ba ya zuba a wanki. Yadda take ɗaura shi, fuskar Mai Girma kan faɗo daidai wurin zama.

Muka gangara tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa. Allo ya ce jirgi na tafe nan da minti uku. Na yi dariya na ce wa Felizmina ta nemi inda za ta shimfiɗa mana mayafi, don na san irin wannan minti ukun. A garinmu akwai gadar da aka ce saura kaɗan a gama tun ina da gashi a ka. Ban rufe baki ba sai ga jirgi. Kunya ta kama ni a madadin wasu bayin Allah da ba sa jin ta da kansu.

Ƙofa na buɗewa Vovo ta sunkuyar da kai, ta sa gwiwar hannu a gaba, ta kutsa kamar safiyar Litinin a tasharmu. Ta faɗa kujera tana haki, ta waiwaya don ta ga waɗanda ta kayar. Ba kowa. Rabin kujerun ma babu mutane.

"Wannan wace irin mota ce," in ji ta, "ba mai ture ka, ba mai zagin ka?"

Daga nan fa sai muka zama yara. Muka fito wani makeken fili a bakin kogi, Felizmina da ta ce a zauna ita ce ta fi kowa tsalle, tana cewa in ɗauke ta hoto ta nan, in ɗauke ta ta can, in tabbata jirgin ruwa ya fito a bayanta don matan coci. Muka sayi wani ɗan kek mai ƙwai da madara a tsakiya, da zafinsa. Vovo ta ci ɗaya ta ce bai kai komai ba, ta ci na biyu don ta tabbatar, na uku kuma ta ce na jaririn ne. Ta ga famfo a gefen titi yana zuba, ta hau lalube a jaka tana neman gora.

"Mama, me za ki yi?"

"In tara kafin a ɗauke mana!"

Ni kuwa ina ta nazari. Na duba titi ko zan ga rami ɗaya in gaishe shi da harshen gida, ban samu ba.

Sai ga wani ɗan tarago rawaya yana tafe a kan ƙarfensa a tsakiyar titi, yana ƙararrawa, zai hau tudu. Wannan kam cike yake, mutane sun yi dafifi a ƙofa. Idon Vovo ya yi haske. Ga abin da ta sani! Kafin in ce mu jira na baya, tsohuwa ta ratsa Turawa kamar allura, ta shige. Ƙofa ta rufe. Tarago ya ja. Abin da na gani na ƙarshe shi ne fuskar Mai Girma manne da gilashi tana yi mana murmushi.

Vovo ba ta riƙe waya. Ba ta san sunan tashar jirgin sama ba. Fasfo na ƙugunta.

Felizmina ta juyo a hankali. "Baban Kiteriya, in uwata ta ɓata, kai ma ka nemi inda za ka ɓata."

Na ruga wurin wata mai sayar da jarida. Abu ɗaya da ya taimake mu, harshensu ne suka bar mana tun zamanin da suka mulki kakanninmu. Na zayyana mata komai.

"Ku bi ƙarfen," in ji ta. "Inda ƙarfe ya bi, nan tarago ya bi."

"Direba ba ya yanke hanya? Ba ya tsayawa a tsakiya ya ce nan ne ƙarshe, kowa ya sauka?"

Ta dube ni kamar mai zazzaɓi.

Muka bi ƙarfe. Jama'a, wanda ya gina Lisbon bai yi shawara da gwiwoyina ba. Tudu kan tudu, lungu cikin lungu, kowace tasha mu leƙa, ba Vovo. Dariya ta ƙare mini. Na fara hango Kiteriya tsaye a filin jirgi da jariri a kafaɗa tana duba fuskokin masu fitowa har su ƙare. Felizmina ta daina faɗa, ta koma kiran "Mama, Mama" a hankali, wanda ya fi faɗan ciwo. Rana kuma ta fara karkata.

A can ƙololuwar tudu akwai wani dandali mai inuwa inda ake tsayawa a kalli rufin gari. Nan muka same ta. Tana zaune a benci ta miƙe ƙafa. A gabanta wani ƙato ne cikin kwat mai tsada, yana zufa, hannu ɗaya riƙe da jakarta, ɗayan cike da ledojin kanti. Ta saƙala mariƙin lemarta a aljihun kwat ɗinsa kamar an ɗaure ɗan maraƙi.

Na dubi fuskarsa. Na dubi zanin. Na sake duban fuskarsa.

Ba zan faɗi sunansa ba, ina da iyali. Mu dai ce Mai Girma Jagoran Kwamitin Sauƙaƙa Wahalar Sufuri, wanda ya tsaya a filin ƙwallon unguwarmu ya yi rantsuwa cewa manyan bas-bas na kan teku suna tafe. Shi ne kuma rediyo ya ce yana can Turai a wani muhimmin taro, ba dare ba rana, saboda mu.

Felizmina ta rungume uwarta tana kuka tana dariya. Vovo ta ture ta.

"Ke tsaya, ina da baƙo. Na shiga motar nan, ba wurin zama. Na ga wani zaune da kaya a cinya, ya juya kai yana kallon taga. Na ce wannan ƙeyar na san ta, ita muke gani tun bayan zaɓe. Sai na juya masa baya na ce, ɗan nan, duba nan, ka san mai wannan fuskar?"

"Mama, don Allah a hankali," in ji Mai Girma, "mutane na ji."

"Ai don su ji nake yi. A motar ma sun ji. Wata har ta tafa mini."

Na cire hula, don ni mutum ne mai ladabi. "Ranka ya daɗe, barka da aiki. An tashi daga taron ke nan?"

Ya gyara murya. "Eh to, wannan ɓangaren gani da ido ne. Dole shugaba ya ɗanɗana abin da talaka ke ɗanɗana."

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe. Takalman da ke ledar nan kuma na gwada ƙarfin titi ne."

"Turaren fa?" in ji Vovo. "Na shafa wa bas ne?"

Ya dube ni da kyau. "Malam, me kake yi a gida?"

Felizmina ta share hawaye ta amsa da muryar da take karanta sanarwa a coci: "Yana ɗan rubutu a jarida, ranka ya daɗe. Kowace Asabar."

Ban taɓa ganin mutum ya rame a tsaye ba sai ran nan. Nan take ya ce akwai motar tawaga, zai kira direba ya kai mu filin jirgi cikin daraja. Na buɗe baki zan ce mun gode, don agogon wata coci ya buga, kuma lokaci ya ƙure mana ƙwarai. Vovo ta ja lema.

"Ba mota. Nazari ka zo, yau za ka yi shi. Ɗauki jakar."

Haka muka gangaro: Vovo a gaba, Mai Girma a tsakiya da kaya, mu a baya muna rakiya. Ba jiniya, ba mai buɗe ƙofa, ba mai ture mutane. A gaban injin sayar da tikiti ya tsaya ya waiwaya, yana jiran wanda zai yi masa. Ba kowa a bayansa sai mu. Felizmina ce ta danna masa. A cikin jirgi ba wanda ya tashi ya ba shi wuri. Ya kama ƙarfe yana lilo, Vovo na zaune tana ba shi darasi.

"Ka ga ya zo a kan lokaci?"

"Na gani, Mama."

"Ka ga ba wanda ya zauna a cinyar wani?"

"Na gani."

"Ka ga mace mai ciki ba ta rataye a bayan a-kori-kura tana rungume da ƙugun mijin wata ba?"

"Mama, kwamiti na sane."

Da muka fito tashar ƙarshe aka ce mu yi sauri. Sai gudu! Ni da gwiwoyina, Felizmina da takalmi a hannu, Vovo na daka lema tana ba da umarni, Mai Girma na biye da jaka a ka, don a hannu ta gagare shi. Wallahi ya iya gudu. Da haka yake bin aikinmu, da yanzu bas na shiga har tsakar gida.

A bakin shingen da ba ya wucewa ya sauke jaka, ya dafa ƙirji.

"Mama, na yi miki alkawari, kafin damina."

"Wace daminar?"

Ya hau gyara kwat ɗinsa. Ta kwance fasfo ta miƙa mini, ta zura hannu a jaka ta ɗebo ƙwayar kashu cikin wadda ta yi wa Kiteriya tsaraba, ta zuba masa a tafin hannu.

"Ladan dako. Ni ba na cin gumin mutum. Allah ya shirye ka, ɗan nan."

Mu ne na ƙarshen shiga jirgi. Washegari Vovo ta goya tattaɓa-kunnenta a cocin Brazil, ta yi rawa har limamin cocin ya ajiye littafi ya taya ta. Kiteriya ta tambaya yaya hanya, uwarta ta ce lafiya lau, mun ɗan sha iska.

Mun dawo gida muka tarar rediyo na yabon Mai Girma. Wai a ziyararsa ya yi ganawa mai zurfi da 'yan ƙasa, ya gwada sufurin jama'a da jikinsa, har ya taimaka wa tsofaffi da kaya. Ban taɓa jin rediyon nan ya faɗi gaskiya da yawa haka a zama ɗaya ba. Kwamiti kuma ya gamsu da sakamakon, ya yanke shawarar komawa da tawaga mafi girma don a zurfafa bincike. Mu dai har yau a bayan a-kori-kura muke, muna rungume da juna cikin ƙaunar da manyanmu suka dasa mana.

Jiya da rana na sami Vovo tana goge lemarta. Ta ce in tambayi Kiteriya yaushe za ta sake haihuwa, kuma wannan karon a sayo tikitin da ke bi ta wani babban birnin daban. Wai ta ji Mai Girma na wutar lantarki ya fi son can.