Rasuwar Moton Ƙafar Hagu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Ukasha Zarami, ɗalibin koyon lantarki a Kazaure, yake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Moton Hagu, ɗan injin da ke juya tayar hagu ta mutum-mutumin da ajinsu ya haɗa. Ya cika ranar Litinin da hantsi, yana kan aiki.

An samo marigayin ne a cikin wata tsohuwar rediyo mai kaset a kasuwar Babura. Tun a wurin, Halima Sa'adiyya, abokiyar aikin Ukasha, ta ɗaga wani moto baƙi mai nauyi ta ce, “Wannan ne zai ja kaya. Naka gudu kawai ya iya.” Ukasha ya ce ai shi gudun yake so.

Marigayi bai taɓa ba shi kunya ba, muddin tayar tana sama. Da an jona waya sai ya ce “wiiii”, har 'yan wani aji su leƙo ta taga. Ƙasa ce dai ba su taɓa shiri ba.

Ciwon ajali ya fara ne ranar da aka ɗora wa mutum-mutumin bulo guda. Muryar marigayi ta koma “ƙirr, ƙirr”, jikinsa ya yi zafi. Saboda tsananin ƙauna, Ukasha ya ƙara masa batirin babur, ko ya ji ƙarfi. Ya ji kuwa. Ya yi taku biyu, ya ce “fus”, ƙauri ya cika ɗakin.

Ya rasu ya bar tagwaininsa, Moton Dama, wanda tun ranar yake ta zagaye wuri ɗaya, da tayoyi huɗu, da batirin da har yau bai nuna nadama ba.

Za a yi masa sutura a kwalin sabulu gobe bayan la'asar, a kai shi shagon Malam Halliru mai gyaran rediyo, wanda ya yi alkawarin cire duk abin da zai moru. Ana karɓar gaisuwa a bakin ɗakin gwaji. Mai makoki yana roƙon a taƙaita, domin ranar Alhamis ne za a kai mutum-mutumin gasa a Dutse, kuma har yanzu ajin bai san an yi rashin ba.