Ranar da Na Zare Filogi a Gaban Alhaji

Lokacin da nake kula da kwamfutocin wata cibiyar jarrabawa a Birnin Kudu, na matsa wa Alhaji mai wurin ya sayo UPS biyu, akwatunan batir masu riƙe babbar kwamfutarmu, wato saba, idan an ɗauke wuta. Na saita sabar yadda za ta kashe kanta a hankali, amma sai in duka biyun sun gaza. Haka dai na ɗauka.

Wata Asabar ɗalibai sun cika ɗaki, wasu tun daga Basirka a kan babur, suna tsakiyar jarrabawar gwaji, sai ga Alhaji da baƙonsa daga Gwaram. Na gyara zaman hulata.

Na nuna akwatunan UPS ɗin, na ce, "Alhaji, ko ɗaya ya rasa wuta, ɗayan na nan. Tsaya ka gani."

"Malam, a bari yaran su gama mana."

"Ai wannan kimiyya ce," in ji ni, na zare filogin na farko.

Saba ta yi ƙara sau uku, ta mutu cikin ladabi. Ashe abin da na rubuta mata shi ne ta kashe kanta da zarar ɗaya ya rasa wuta. Umarnina ta bi daidai.

Wata ɗaliba ta miƙe tsaye. "Wallahi tambaya ɗaya ta rage min!" Baƙon ya sunkuya ya tambayi Alhaji ko kullum haka kimiyyar take yi.

Har yau, ko a masallaci fanka ta tsaya, sai wani ya waiwayo ya ce, "Injiniya, me ka zare kuma?"