Rasuwar Batirin Kwamfutar Mehrangez

Da zuciya cike da baƙin ciki, ni Mehrangez ta gidan Nazarov nake sanar da dangi da maƙwabta na ƙauyenmu da ke bayan garin Gharm rasuwar batirin kwamfutata. Ya cika ana gobe jarrabawata ta neman gurbin karatun likita, wadda za a yi ta intanet da rana tsaka, daidai lokacin da ake ɗauke mana wuta.

Marigayin mai haƙuri ne. A ƙuruciyarsa yakan raka ni daga hantsi har la'asar bai ce uffan ba. Ciwo ya kama shi da shigowar sanyi: kafin shayi ya huce sai ya yi "tilin!" ya suma. Babu maganin da ban nema ba. Na rage hasken fuskar kwamfutar har na koma karatu da lalube, na kori duk manhajar da ke shan jininsa a ɓoye, na cika shi, na zazzage shi, na sake cikawa. Duk a banza.

Usto Davlat mai gyara ne ya buɗe shi, ya tarar ya kumbura kamar gurasa. Ya ce, "Ƙanwata, wa yake gasa wannan bawan Allah?"

Sai kakata, Bibi Sanavbar, ta gyara ɗankwali. Ashe duk na fita ɗebo ruwa, cusa kwamfutar take ƙarƙashin sandali, gajeren teburinmu na jin ɗumi, cikin bargo, dab da garwashin da muke ɗumama ƙafa. "To in bar ta ta daskare? Ko riga fa ba ta da ita! Ke dai ba ki da tausayi." Na rasa kuka zan yi ko ihu.

Ya rasu ya bar caja mai ɗaurin leda, da kwamfuta da ba ta numfashi sai a jikin soket, da ni. Magajinsa yana can birnin Dushanbe, ƙanƙara kuma ta rufe hanya.

Jana'iza gobe da hantsi. Za a tashi daga gidanmu zuwa gidan Khola Mohbegim, mai farantin sola ɗaya tilo a ƙauyen, wadda tun rigimar iyakar gonar dankali Bibi ta ce ko gawarta kada a bi da ita ta ƙofarta. Ban roƙi Bibi komai ba. Amma yanzu haka tana can tana kwaɓa fulawa, tana mita: "Sola zan kai wa gurasar, ba matar nan ba." Ita ce za ta ja gaba.

Masu ta'aziyya su taya mu addu'a biyu: Allah ya sa rana ta fito, Allah ya sa Mohbegim ta buɗe ƙofa.