Ranar da na yi wa ordinatar fifita

Ko da zan manta komai na aikina a Tanut, ba zan taɓa mantawa da wata Talata a ƙarshen shekarun tamanin ba. Lokacin an kawo wa ofishinmu na aikin gona ordinatar, wato kwamfuta, ni kuma na dawo daga horon wata uku a Zinder, ina tafe ina hura hanci (ko gaisuwa sai da Faransanci nake amsawa).

Aikina shi ne in fitar da sunayen ƙauyukan Falanko da Ollelewa da za a kai wa irin gero. Hadari ya fara haɗuwa, kamyo, babbar motar kai irin, na jiran takarda. In ta makara, shuka ta wuce mutane.

Purogiram biyu ne ke aikin: ɗaya ya tattara sunaye, ɗaya ya buga su a takarda. Tsakaninsu akwai abin da ake kira bututu mai suna, wato wata kafa cikin na'urar da na farko ke miƙa wa na biyu saƙo. Na tayar da na farko. Shiru. Na jira, na danna, na ƙara dannawa.

Sai na yanke hukunci: zafi ne ya kama na'urar. Na ɗauko mafici na duƙufa ina yi mata fifita. Shef, shugaban ofishinmu, ya leƙo, na ce masa da Faransancina, "Mushe, ta suma."

Aka kira Malam Isufu, gwanin na'urorin, tun daga Zinder. Washegari ya iso, ya tarar da ni da mafici, ma'aikata sun yi cirko-cirko kamar gidan rasuwa. Ya je ɗaya allon da ke haɗe da na'urar ya rubuta layi ɗaya tak. Nan take takarda ta fara fitowa, ƙarrr!

Ya ce, "Ƙanwata, in kina miƙa wa maƙwabciya ƙwaryar fura ta kan darni, kina saki kafin ta kama?"

Na ce a'a.

"To purogiram na farkon ma jira yake. Ba ki tayar da mai karɓa ba."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma kamyo ya tashi da la'asar, iri ya riga ruwa isa, har kuka na yi don murna. Malam Isufu bai tafi ba sai da ya koya mini bututun nan ciki da bai, daga baya ni ke koya wa sababbi.

Yanzu in abu ya yi shiru, sai na duba ko akwai mai karɓa a ɗaya gefen kafin in sanar da rasuwa. Maficin kuwa shef ya rataye shi a bango, ya rubuta a ƙasa: kayan gyara.