Yadda na dafa bishiyar tuffa

Da muka samu gida mai ɗan fili a Edmonton, na sayo 'yar bishiyar tuffa saboda furenta. Mai sayarwar ya ce sanyi take so. Na yi masa murmushin tausayi. Ni da na tashi a gona, Bature ne zai koya mini shuka?

Da ƙasa ta fara daskarewa, kullum da safe nakan kwarara mata tafasasshen ruwa a gindi don ta ji ɗumi. Da sanyi ya wuce, ta maƙwabcinmu ta yi fari fat da fure, tawa kuwa sanda. Matata ta tono saiwar, ta shinshina, ta ce, "Baban Amira, ai ta dahu, saura gishiri."

Har yau in na kunna butar shayi sai ta leƙo: "Shayi ne, ko noma?"