Wanki Bakwai, Ɗaya da Ƙasa

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da aka buɗe kakar wasan kurket ba, don ranar ce na yi ɓarna da ilimina a gaban jama'a, ina jira a gode mini.

Mu uku ne ɗalibai a gida ɗaya a unguwar Hay el-Sabi' ta Alƙahira: ni, da Nura ɗan Zariya, da Junaid, wani ɗalibi ɗan Pakistan mai sanyin hali wanda ba shi da hira sai ta kurket. Shekara guda yana bin wata ƙungiyar 'yan ƙasarsu da ke buga gasar ƙarshen mako, aikinsa ɗaukar ruwa. Sai bana kyaftin ya ce zai gwada shi a wasan farko: in jifarsa ta yi kyau ya shiga, in ba ta yi ba ya koma wa jarkarsa.

Junaid yana da wani jan ƙwallo na fata da ya taho da shi daga gida, don a Alƙahira ba ka samunsa a kanti. A cikin safa yake ajiye shi, ko taɓawa ba ya bari mu yi. Ƙwallon nan ya ba ƙungiyar don wasan farko. A cikin mota ya yi ta yi mini bayanin ƙwallon nan da larabcinsa na littafi, ni kuwa ina fama da biredi da wake ina cewa "tamam, tamam". (Da na saurara da ba ku ji wannan labarin ba.)

Filin can bayan gari yake, ciyawar rabi, rairayi rabi, an zagaye da igiya. Maza sun sha fararen kaya kamar za su Idi. Ɗaya ya yi jifa, ɗaya ya doka da katako, sauran suna tsaye a rana kamar masu jiran bas. Na tambayi Nura ko an fara, ya ce an kusa awa guda.

Amma Junaid ya ba da mamaki. Kafin kowace jifa sai ya goge ƙwallon a cinyarsa, har wandon ya yi ja (a raina na ce yaron nan ashe ƙazami ne), sannan ya rugo ya sake shi. Ya fitar da masu duka biyu daga wasa, 'yan ƙungiya suka yi ta rungumarsa. Wallahi na ji daɗi har zuciyata.

Sai wani ƙato ya make ƙwallon ya tsallake igiya ta gefenmu. Kafin ya tsaya, wani karen titi da ke kwance ƙarƙashin mota ya cafe shi a baki ya ruga. Na tattare jallabiya na bi shi, ina jifa da takalmi, har ya yar da shi.

To, a makon nan ne na ci jarrabawar fiƙihun mazhabobi da maki mai kyau, kaina yana hayaƙi. Na dubi ƙwallon, ga yawun kare sharkaf. Na ce ina! 'Yan'uwa Musulmi su taɓa wannan, su goga a wando, su yi azahar da shi, ina tsaye? Na tsuguna da gorar ruwana. Wankin farko na ɗebi rairayi na cuɗa sosai, musamman gefen da ya fi sheƙi, don nan yawun ya fi fitowa. Daga fili suna ta ihu, "Yalla ya shaikh! Jefo!" Na ɗaga musu hannu su dakata. Ban tashi ba sai da na cika bakwai.

Na taka har tsakiyar fili na miƙa wa Junaid da hannu biyu. Ya karɓa, ya juya shi. Alƙalin wasa, wani dattijo mai hular kwano, ya riƙe ƙwallon da yatsa biyu yana ɗiga.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni ne," na ce, har da gyara murya. "Kare ne ya lashe shi. Sau bakwai, ɗaya da ƙasa."

Ashe gogar nan da nake wa kallon ƙazanta ita ce sana'ar gaba ɗaya. Gefe guda ake sa wa sheƙi a bar ɗayan, shi ke sa ƙwallon ya karkace a iska ya ruɗa mai duka. Ruwa ba ya taɓa shi, balle rairayi. Aikin awa guda na wanke, da ƙwallon da ba shi da na biyu a garin.

Aka ciro wani tsohon ƙwallon atisaye mai kama da dankali aka ci gaba. Jifar Junaid ta koma miƙaƙƙiya, ƙaton nan ya yi ta aika ta bayan igiya. Ba wanda ya sake neman in ɗauko. Da aka tashi, kyaftin ya dafa kafaɗar Junaid ya ce "ma'alish", wato yi haƙuri, ya miƙa masa jarkar ruwa.

A hanyar komawa na ba shi haƙuri ya fi a ƙirga, ya ce khalas, ya wuce, amma fuskarsa na kallon taga. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Sai Nura ya sunkuyo ya ce mini da Hausa:

"Malam, tambaya nake. Mu a gida wace mazhaba muke bi?"

"Malikiyya mana."

"To a wajenmu yawun kare najasa ne?"

Sai a lokacin na tuna, a jarrabawar nan da hannuna na rubuta cewa ba najasa ba ne.

Ƙwallon yana nan kan teburina ya kumbura, Junaid ya ce in riƙe. Tun daga ranar, in fatawa ta taso mini a inda ba a tambaye ni ba, sai in dube shi in haɗiye abata.