Wasiƙu Uku a Saman Kabad

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta mutanen garinmu ba za su bar ni ba, da ranar da na miƙe tsaye a gaban jama'a zan yi wa ma'aikatan asibiti wa'azi a kan riƙon amana, na ƙare ina neman inda zan cusa fuskata.

Bari in ɗauko daga tushe, don ni ba mutum ne mai gaggawa ba (wannan ma yana cikin abin da ya ja mini).

Ina da 'ya, ita ce ta fari a wurina. Duk wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san abin da hakan yake nufi. Tun ranar da aka raɗa mata suna, shekara talatin da 'yan kai ke nan, sunan bai taɓa fita daga bakina ba. In zan kira ta sai in ce “ke”, in zan yi maganarta da wani sai in ce “yarinyar nan”. Uwarta ma haka, har ta fi ni. Haka muka tarar da iyayenmu suna yi, kunyar ɗan fari, kuma ban taɓa jin ta yi mini nauyi ba sai bara.

Bara da kaka ciwon ciki ya matsa mata, mijinta Isiyaku ya kai ta babban asibiti a Kano. Likitoci suka duba suka ce sai an yi tiyata. To, shekarun baya, wajen haihuwarta ta biyu, an taɓa yi mata aiki a asibitin wani likita mai zaman kansa da ke kan hanyarmu ta zuwa Tudun Wada, kuma a cikin alluran da aka yi mata akwai wadda ta kusa tafiya da ita, sai da ta kwana biyu ba ta san inda take ba. A gidanmu kaf babu wanda ya san sunan allurar. Likitocin Kano suka ce ba za su sa ranar aiki ba sai sun ga bayanin a rubuce, da hatimin wancan asibiti. Babban likita zai sake ganinta wata Alhamis, mako huɗu a gaba. In takardun ba su iso ba, sai ta koma ƙarshen layi da ciwonta.

Isiyaku ya zo wancan asibitin na kan hanyarmu ya cika musu fom, ya bar lambar waya, ya koma Kano wajen jinya. Da ya isa ya kira ni ya ce, “Baba, don Allah a riƙa leƙawa ana tuna musu, kada abin ya kwanta.”

Na ce, “Babu komai, Allah ya ƙara sauƙi.”

Sai na zauna na yi tunani irin nawa. In na je na tsaya na ce ina takardunmu, kamar na ce ba su san aikinsu ba ne, alhali mutanen nan da hannunsu Allah ya cece ta a wancan karo. Ba wannan kaɗai ba, dole za su ce takardun wa, ni kuwa ba zan buɗe baki in ambaci sunan ba. Can dabara ta faɗo mini: abin da baki ba zai faɗa ba, ai alƙalami ba ya jin kunya. (A lokacin har na yaba wa kaina.)

Ni ban yi boko ba, amma a rubutun ajami ba na jin tsoron kowa a yankinmu. Na fere sabon alƙalami, na dama tawada, na samu farar takarda mai kyau. Na buɗe da Bismillah da salati kamar yadda aka koya mana, na jera gaisuwa, sannan a tsakiya na saka sunanta da na mijinta da abin da ake nema. Na bi wasula da jar tawada ɗaya bayan ɗaya. Da ta bushe na ninke ta 'yar ƙarama, kusurwa huɗu, yadda muka saba ninke wasiƙa.

Ranar Talata na hau babur daga ƙauyenmu na bayan Riruwai zuwa bakin titi, na shiga mota. A asibitin, mai kula da fayil-fayil wata mata ce, Madam Rifkatu. Kirista ce, kakanninta haƙar kuza ta kawo su Riruwai, kuma ta san ni, don ta sha ganina a wajen suna da ɗaurin aure na maƙwabtanta. Na gaishe ta, na tambayi aiki, na tambayi gida, na tambayi yara, na tambayi gajiya, na koma na sake tambayar aiki. Sannan na ciro takardar na miƙa na ce, “Ga wannan na kawo muku, Allah ya taimake ku a kan aikinku.”

Ta ɗan buɗe gefe ɗaya ta leƙa, sai ta miƙe tsaye, ta goge hannu a zane, ta riƙe ta da hannu biyu. Ta ce, “Kai, Baba, mun gode! Allah ya saka da alheri.”

Na fito da sauri don kada ta ga kamar na tsaya ina jiran amsa. A mota ina ta cewa a raina, ka ga tarbiyya, mutum ya zo tuni amma a yi masa godiya har da miƙewa.

Mako ya zagayo, shiru. Na rubuta ta biyu, na ƙara yawan gaisuwa don kada a ce na ƙosa. Madam Rifkatu ta karɓa kamar ta farko, har ta ba ni kujera da ruwan sanyi. Ta ce, “Baba, kana wahalar da kanka saboda mu.” Na ce, “Ai wajibi ne.” Muka rabu kowa yana murmushi.

Kafin ta uku, Isiyaku ya kira ya ce jiki ya ƙi, ba ta iya cin komai sai ɗan kunu. Washegari bayan sallar asuba na zauna zan rubuta gajeren tuni, sai alƙalami ya ƙwace mini. Na rubuta abubuwan da ban taɓa faɗa wa ɗan Adam ba. Na so in yage, sai na ce ai mutum ɗaya ne zai karanta, a cikin ofis, shi kaɗai. Na kai, aka karɓa da hannu biyu.

Ranar Litinin ta ƙarshe, saura kwana uku, na ciro takarda zan fara ta huɗu. Maiɗakina, wadda shekara da shekaru ba ta taɓa sa baki a harkar rubutuna ba, ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, “Malam, yarinyar mutane tana can kwance, kai kana nan kana gyaran wasali. Bakinka ciwo yake yi ne?”

Maganar ta shige ni. Amma maimakon in ga laifina, sai na kwashe shi gaba ɗaya na ɗora wa asibiti. Wasiƙa uku, ko amsa ɗaya babu? A mota na shirya jawabina tsaf, har da inda zan ɗaga murya da inda zan sassauta.

Na tarar da ɗakin jira a cike maƙil. Har da mutum biyu daga garinmu, ɗaya ma yana ɗaukar karatu a zaurena. Ban zauna ba. Na yi gyaran murya na yi sallama da ƙarfi, kowa ya juyo. Na ce ni ba mai son magana ba ne, amma amana abu ce mai nauyi, kuma duk wanda aka ba wa aikin jama'a za a tambaye shi ranar gobe. Na ce talaka ya yi sawu uku daga bayan Riruwai, an yi masa murmushi an sallame shi. Mutane suka fara “ƙwarai”, “gaskiya ne, Malam”, ni kuma na ƙara samun ƙarfi.

Hayaniyar ta fito da likita daga ofishinsa. Mutum ne mai sanyin hali, ya rusuna ya gaishe ni ya ce, “Baba, me aka yi maka?”

Na ce, “Wasiƙa uku na kawo, Likita. Uku.”

Ya dubi Madam Rifkatu. Ita kuwa ta zaro ido ta dafe ƙirji. “Wasiƙa? Baba, wace wasiƙa?”

“Waɗanda kika karɓa da hannunki.”

Ta jawo kujera ta taka, ta miƙa hannu can saman kabad ɗin fayil, ta sauko da wani ƙunshi a cikin farin ƙyalle mai tsabta. Ta kwance a hankali. Ga su nan su uku, a ninke yadda na kawo su.

Ta ce, “Wallahi, Likita, na ga rubutun Arabiyya da jar tawada, ga shi an ninke kamar laya, na ɗauka addu'a ce Baba yake kawo wa asibiti. Shi ya sa na ɗora a sama, kada wani ya taɓa da hannu mara tsarki. Har na gaya wa mijina, na ce wani malami ya ɗauke mu kamar 'ya'yansa.”

Masu cewa “ƙwarai” ɗazu duk suka koma kallon silin.

Likita ya buɗe ɗaya ya juya ta, ya ce shi karatun bugun inji ya yi a Islamiyya, wannan hannun ya fi ƙarfinsa. Ya miƙo mini. “Baba, karanta mana mu ji abin da ake bukata.”

Sunan yana ciki. Sai na ji bakina ya ce, “Na manto tabarau a gida.” (Allah ya yafe mini. Tabarau ɗin yana aljihun gaba, rabinsa a waje, kowa yana gani.)

Nan wani dattijo Bafulatani da ya kawo matarsa ya taso daga benci ya ce, “Kawo nan, Modibbo, mu ma mun ɗan taɓa allo.” Ya miƙa hannu ya ɗauki ɗaya. A cikin ukun nan, wadda Allah ya ba shi ita ce ta uku. Ga shi kunnensa da nauyi, irin mutanen da in za su yi magana sai na bayan gari ya ji.

Ya wuce gaisuwa lafiya. Ya karanta sunanta, Hauwa'u, ɓaro-ɓaro, na sunkuyar da kai. Na ce a raina to ya isa haka. Bai isa ba. Ya ci gaba: “Ku ji tausayina, 'yata ce ta fari. Tun tana ƙarama ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, amma in babu kowa a tsakar gida nakan goya ta a kafaɗa in zagaya da ita. Duk cikin 'ya'yana babu wadda nake...”

Ya tsaya. Ya dube ni ta saman takardar.

“Subhanallahi! Modibbo, 'yar fari ce fa? Mu ko a zuci ba ma yarda mu faɗi wannan, kai har da jar tawada!”

Ɗakin ya fashe da dariya. Ɗalibina ya toshe baki da hula, kafaɗunsa suna rawa. Wata tsohuwa a gefe tana dariya tana share hawaye tana cewa, “Allah sarki, bawan Allah.” Ni dai na ji zufa tana bin bayana har cikin wando.

Madam Rifkatu ce kaɗai ba ta yi dariya ba. Tana jin sunan ta juya ta ja aljihun tebur, ta ciro babban ambulan mai hatimi. Ta ce, “Baba, ai wannan kwana uku da cika fom Likita ya sa hannu. Mun kira lambar da mijinta ya bari har mun gaji, ba ta shiga. Duk zuwan da kake yi, yana nan kusa da gwiwata.”

Wato ranar da na sha ruwan sanyi, tsakanina da takardun bai kai kamu biyu ba.

Saura sa hannu. Likita ya ce doka ce, sai mai karɓa ya faɗi sunan mara lafiya da dangantakarsu. Ina jin yana danne dariya, amma bai sassauta ba. Na dubi ƙasa, na dubi ambulan, na tuna Alhamis. Na ce, “Hauwa'u. 'Yata ce.” Sama ba ta faɗo ba. Na nemi gafarar Madam Rifkatu a gaban mutanen da na tara mata, ta ce ita ce da neman gafara, muka yi ta yi har likita ya ce mota za ta wuce ni.

Ranar Laraba da hantsi na isa Kano. Alhamis babban likita ya buɗe ambulan, ya sa yatsa a kan wani layi ya ce, “Yauwa, wannan muke nema.” Aka sa rana, aka yi aiki, Allah ya ba da sa'a. Yanzu tana ɗakinta, har ta koma sana'arta.

Sai dai labari ya riga ni isa, don waya ta fi mota sauri. Da na shiga duba ta, na tsaya daga bakin gado ina kallon taga, ita kuma ta juya fuska bango, kamar yadda muka saba. Na ce, “Ke, ya jiki?” Ta ce da sauƙi. Har na juya zan fita, sai na ji ta ce a hankali, “Malam, ashe a kafaɗa ne? Ni na ɗauka mafarki nake tunawa.”

Na ce, “Allah ya ƙara afuwa,” na fita da saurin da rabona da shi tun ina saurayi.

Har yau ina nan a kan cewa ladabi abu ne mai kyau, kuma duk ofishin da na shiga sai na gaisa yadda ya kamata. Amma yanzu gaisuwa biyu nake yi, a ta uku in faɗi abin da ya kawo ni, da baki, da suna, in kuma tsaya har sai na ji an maimaita mini. Kunya kuwa na gane ba a guje mata: wadda na ƙi ji a gaban mace ɗaya, sai da na ji ta a gaban ɗaki guda.